Shekara 19 Don Gano Ƙwayar Zarra Ɗaya

Manomin da ke surka gero da wake ko gyaɗa ya daɗe da sanin cewa ƙasa tana ƙara ƙarfi a bayansu. Sirrin yana cikin 'yan ƙulalan da ke jikin saiwa. A can ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke kama naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa, su mai da shi amoniya, abincin tsiro.

Masana'antun takin zamani ma aikin da suke yi ke nan tun daga 1913, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a Jamus. Sai dai su suna buƙatar zafin da ya kai digiri 400 zuwa sama, da matsin da ya ninka na iskar duniya fiye da sau 100, abin da ke laƙume kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Bakteriya kuwa a ɗumin ƙasar gona take gama nata.

Makaminta shi ne wani furotin mai suna naitirojines. A tsakiyarsa akwai curin ƙwayoyin zarra da suka sarƙe da juna: 7 na ƙarfe, 1 ta molibdenam, 9 na farar wuta. Wani sinadari, homositiret, yana riƙe da molibdenam ɗin ta wuri biyu, kamar yadda ƙaguwa ke damƙe abu. An gwada bakteriyar da ba ta iya samar da shi, sai aikinta na kama naitirojin ya yi rauni ƙwarai.

A 1992 Jongsun Kim da Douglas Rees na jami'ar Caltech a Amurka suka fitar da siffar wannan curi ta hanyar hasken eksire, cikinsa ya bayyana tamkar fanko. A 2002 Oliver Einsle da abokan aikinsa suka hango ƙaramar ƙwayar zarra a wurin, aka zaci naitirojin ce. Sai a 2011 rukuni biyu na masana suka tabbatar da cewa kabon ce, ƙwayoyin ƙarfe 6 na kewaye da ita.

Masu suka suna cewa an ɓata shekara 19 ba a samu ko buhun taki ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma har yau ana jayayya kan ainihin inda naitirojin ke maƙalewa a jikin curin. Amma wanda bai san yadda aka kitsa abu ba, ba zai iya kwaikwayonsa ba. Tsakanin 2002 da 2011 an yi lissafe-lissafe da dama a kwamfuta bisa zaton naitirojin ne a tsakiya, kuma sai da aka sake duba su bayan gaskiya ta fito.

Saboda haka bai kamata hukumomin da ke ba da kuɗin bincike su auna irin wannan aiki da ribar shekara uku ba. Mizaninsa shi ne ko siffar da aka fitar daidai take. Duk mai fatan a sami taki mai araha wanda ba ya dogara da iskar gas, daga wannan siffa zai fara.