Ostareliya Da Maƙwabtanta: Fatake Sun Riga Mahukunta Gane Hanya

A can kudu maso gabas, bayan an wuce ƙasar Hindu da tsibiran Indunusiya, akwai wata ƙasa wadda teku ya kewaye ta ko ta ina, sunanta Ostareliya. In an kira ta tsibiri ta fi ƙarfin sunan, domin faɗinta ya kusa mil miliyan 3 murabba'i, watau kamar Nijeriya takwas a haɗe. Saboda haka masana labarin ƙasa suka lasafta ta nahiya guda, ita ce ƙarama cikin nahiyoyi. Mutanenta kuwa a shekarar 2024 miliyan 27 ne, galibinsu sun taru a birane na bakin teku, suka bar tsakiyar ƙasar ga hamada da rairayi. Tun kafin wani baƙo ya taka ta akwai masu ita, baƙaƙen mutane waɗanda masu bincike suka ce sun fi shekara 50,000 a wurin, suna magana da harsuna wajen 250. Turawan Ingila sai a 1788 suka sauka da jirage 11, yawancin waɗanda ke ciki fursunoni ne, suka kafa garin Sidni.

To, daga Sidni zuwa Landan tafiyar mil 10,500 ce. Daga tsibirin Saibai, wanda yake cikin mulkin Ostareliya, zuwa gaɓar Papuwa Niyu Gini ba a cika mil 3 ba. Garin Darwin na arewacin ƙasar ya fi kusa da Jakarta, babban birnin Indunusiya, a kan Kanbera, babban birnin Ostareliya ɗin kanta. Amma duk da haka shekara da shekaru mahukuntan ƙasar suka zauna sai ka ce wata unguwa ce ta Landan da ruwa ya janye, idonsu na kan dangi na nesa, ƙeyarsu na wajen maƙwabci. Wannan kuskure ne babba, ya kuwa ci su da tsada. Waɗanda suka fara gane inda arzikin ƙasar ya fuskanta ba gwamnoni ba ne, fatake ne, aka kuma saka musu da kora.

Na farkonsu mutanen Makasar ne, wani birni na tsibirin Sulawesi cikin Indunusiya, galibinsu Musulmi. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18, wasu masana ma sun ce kafin haka, kowace shekara in iskar arewa maso yamma ta taso cikin watan Disamba, sai su ɗaura jiragensu na katako masu tafiya da iska, su yanki teku wajen mil 1,000, cikin mako biyu su sauka a gaɓar arewacin Ostareliya, wurin da suke kira Marege. Abin da ya kai su wata halitta ce ta ruwa mai suna taripang, siffarta kamar ƙatuwar matsattsaku. Su kansu ba abincinsu ba ce. Sinawa ne ke sonta, suna miya da ita, suna kuma ɗaukarta magani. Sai a nutsa a tsinto ta, a dafa cikin manyan tukwane, a busar, a yi mata banda, in iska ta juya wajen Afrilu a koma gida a sayar wa attajiran Sin. Mai karatu ya dubi wannan: tun ba a aza harsashin Sidni ba, kayan Ostareliya na shiga kasuwar Sin, kuma ba ta hannun Bature ba.

A watan Fabrairu na 1803 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, Matthew Flinders, yana kewaya ƙasar don ya auna gaɓarta, sai ya yi kiciɓis da jirage 6 na waɗannan mutane. Madugunsu, mai suna Pobasso, ya gaya masa su yanki ne kawai na ayarin jirage 60. Ashe wurin da ake ce wa ƙarshen duniya zango ne sananne, da lokacin saukarsa da lokacin tashinsa.

Ba a ce zaman ya tafi lami lafiya kullum ba. An yi faɗa, an zub da jini, an kuma shigo da giya wadda ba ta amfani kowa ba. Amma akwai bambanci ɗaya wanda ya isa a tsaya a kansa: mutanen Makasar ba su taɓa cewa ƙasar tasu ce ba. Suna zuwa su nemi wurin sauka wajen masu wuri, su ba da tufafi da taba da wuƙaƙe da gatura da shinkafa, su ɗauki ma'aikata, in kaka ta yi su tafi. Wasu daga cikin 'yan ƙasa sun bi su har Makasar, an yi auratayya. Har yau ƙabilar Yolngu na kiran kuɗi rupiya, suna kiran Bature balanda, watau mutumin Holan, duka daga bakin baƙin nan suka ɗauka. Itatuwan tsamiya da suka tsiro inda fataken ke girki suna nan tsaye a bakin teku. Turawa kuwa da suka zo sai suka hukunta cewa ƙasar ba ta da mai ita, domin ba su ga gona mai shinge ko takardar mallaka ba. Sai a 1992, cikin shari'ar Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer, Babbar Kotun ƙasar ta rushe wannan da'awa. Abin da alƙalai suka tabbatar bayan shekara 204, baƙon ɗan kasuwa ya san shi tun ranar da ya fara tambayar wa ke da bakin ruwan nan.

Me aka yi da wannan ciniki? Daga shekarun 1880 gwamnatin Ostareliya ta Kudu, wadda a lokacin yankin arewa ke hannunta, ta ɗora musu kuɗin lasin da na kwastan. A 1906 ta daina ba da lasin ɗin ɗungum. Jirgi na ƙarshe, na Using Daeng Rangka, ya tashi a 1907, hanyar ta mutu.

Fatake na biyu masu raƙuma ne. Doki da takarkari ba su iya tsakiyar Ostareliya, don haka a 1860 aka kawo raƙuma da masu jansu domin wata tafiyar bincike, kāna a 1866 wani attajiri, Thomas Elder, ya sauke raƙuma fiye da 100 tare da mutum 31. Turawa suka yi musu kuɗin goro suna kiransu 'yan Afganistan, alhali da yawansu daga Balucistan da Sindi da Panjab suke. Su ne suka yi jigilar kaya da guzuri lokacin da ake ja wayar tangaraho daga Adelaid zuwa Darwin, mil kusan 2,000, wadda aka gama a 1872, ta haɗa ƙasar da sauran duniya. Su ne suka kai ruwa da gari wuraren haƙar zinariya na yamma cikin shekarun 1890, suka fito da ulu daga garken tumaki na ƙurya zuwa tashar jirgi. Inda suka yi zango suka yi masallaci. Wanda suka gina a Adelaid wajen 1888 har yanzu ana salla a cikinsa.

A 1901 yankunan mulkin mallaka shida suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya, cikin dokokin farko da majalisarta ta kafa kuwa har da ta hana wanda ba farin mutum ba shigowa. Ba a rubuta launin fata cikin dokar ba, wayo aka yi. Aka ce duk baƙon da ma'aikacin shige da fice ya ga dama, sai ya yi masa shifta ta kalma 50, a kowane harshe na Turai da shi ma'aikacin ya zaɓa. Duk malamin da ya taɓa zaunar da almajiri ya san shifta ana yinta ne da abin da yaro ya karanta. Wadda aka yi da harshen da mutum bai taɓa ji ba sunanta jarrabawa, amma ƙofa ce aka rufe. A 1934 har wani Bature ɗan jarida, Egon Kisch, wanda ya iya harsunan Turai da dama, gwamnati ba ta son shigarsa, sai aka yi masa ita da tsohon harshen mutanen tsaunukan Sikotland. Masu raƙuma aka hana su zama 'yan ƙasa, ya zamana da wuya mutum ya je ganin gida ya dawo. Da motoci suka shigo cikin shekarun 1920 aikin ya ƙare, suka kwance akala suka saki dabbobinsu a daji. Jikokin raƙuman nan yau dubu ɗaruruwa ne suna yawo ba mai su, jirgin ƙasan da ke ratsa hamadar kuwa ana kiransa Gan, don tunawa da mutanen da aka ci moriyar ganga aka ya da kwaurenta. Haka kuma ta faru ga mutanen tsibiran Fasifik, wajen 60,000, galibi daga Banuwatu da Tsibiran Solomon, waɗanda aka kwaso noman rake daga 1863, wasu da yaudara wasu da ƙarfi. Daga 1906 aka shiga mai da dubbansu gida.

Mai neman kāre mahukuntan zai ce tsoro ne ya sa su, kuma tsoron ba na banza ba ne: mutane kaɗan a ƙasa mai faɗi, ga miliyoyi a ƙofar gida, ga shi kuma a ran 19 ga Fabrairu 1942 jiragen saman Japan suka yi wa Darwin ruwan bama-bamai. Gaskiya ne an yi wannan. Amma kwana huɗu kafin ranar, Singafo, sansanin da Ingila ta ce shi ne garkuwar Ostareliya, ya faɗa hannun Japan. Watau ranar da wuta ta kama, ɗan'uwan nan na nesa yana fama da tasa gobarar. Mutanen Papuwa, waɗanda dokar 1901 ba ta yarda su zauna a Ostareliya ba, su ne suka yi dakon harsashi da abinci a tsaunukan Kokoda, suka ɗauko sojojinta masu rauni a kafaɗa. Rufe ƙofa bai hana maƙiyi zuwa ba, abokai kawai ya rage.

Daga baya kasuwa ce ta tilasta abin da hankali ya ƙi. A 1957, shekara 12 kacal bayan yaƙi, aka ƙulla yarjejeniyar ciniki da Japan. A 1960 aka ɗage hanin fitar da tama. Kafin 1970 Japan ta ture Ingila daga matsayin babbar mai sayen kayan Ostareliya. An soke shiftar a 1958, sauran dokar aka binne ta a 1973, shekarar da Ingila ta shiga kasuwar tarayyar Turai ta bar masu man shanu da 'ya'yan itatuwa na Ostareliya da Niyu Zilan suna neman mai saye. Daga 2009 Sin ce kan gaba wajen sayen kayan ƙasar, wajen sulusin abin da take fitarwa can yake tafiya, tama da iskar gas da kwal da ulu. Hanyar da aka toshe a 1907 ita ce dai aka koma bi, sai dai jiragen sun ƙara girma.

Akwai wata suka kuma, wadda ta fi ta farko nauyi. A 2020, da gwamnatocin biyu suka sami saɓani, Sin ta ɗora harajin kashi 80 cikin 100 a kan sha'ir na Ostareliya, ta kuma taɓa wasu kayan, ba a janye na sha'ir ɗin ba sai 2023. Wasu suka ce ga sakamakon dogara da Asiya. Amma kowane ɗan kasuwa ya san laifin ba na kasuwa ba ne, na mai abokin ciniki ɗaya ne, ko sunansa Ingila ko sunansa Sin. Manoman sha'ir ɗin ma ba su zauna kuka ba, suka juya da kayansu zuwa Saudiyya da wasu ƙasashe. Sin kuma, in an duba taswira, ba ita ce maƙwabciya ta ƙofa da ƙofa ba.

Nan ne aikin bai ƙare ba. Indunusiya na da mutane fiye da miliyan 270, ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, tana cikin manyan masu sayen alkamar Ostareliya, ita ce kuma kan gaba wajen sayen shanunta masu rai. Akwai tsohon alheri tsakaninsu: daga 1945 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na Ostareliya suka ƙi loda jiragen Holan masu zuwa murƙushe 'yancin Indunusiya, a 1947 kuma gwamnatinsu ta kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai kuma tabo, musamman kan Timo ta Gabas, inda sojan Ostareliya suka shugabanci rundunar kiyaye zaman lafiya a 1999. An sa hannu kan yarjejeniyar ciniki wadda ta fara aiki a 2020. Duk da haka dukiyar da attajiran Ostareliya suka zuba a Niyu Zilan, ƙasa mai mutum miliyan 5 wadda ke bayan teku fiye da mil 1,000, ta fi wadda suka zuba a Indunusiya nesa ba kusa ba, domin can harshe ɗaya ne, sarki ma ɗaya. Yaran makarantar Ostareliya masu koyon harshen Indunusiya kuwa, maimakon su ƙaru, raguwa suka yi ƙwarai daga yadda suke cikin shekarun 1990, alhali dattawan Yolngu na zamanin Pobasso suna ciniki da baƙinsu da harshen Makasar ba tare da tafinta ba.