A Kai Maganar 'Yan Jiran Shari'a Cikin Ajin Sakandare

Shekara da shekaru muhawarar makarantunmu na sakandare ba ta wuce gida ɗaya ba: likita ya fi malami amfani, makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Yara sun haddace gaisuwar alƙalai da mai kula da lokaci, sun haddace hujjojin da yayyensu suka bar musu. Suna cin jarrabawar WAEC da su. Amma a ba ɗaya daga cikinsu sanarwar hukuma, a tambaye shi inda aka yi masa wayo, sai ya yi zuru.

Ilimin feɗe magana ba baƙonmu ba ne. Almajiran zaure suna karanta balaga. Tun zamanin Girkawa, Aristotil ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: mutuncin mai magana, taɓa zuciya, da hujja. A makarantun Amurka ana koyar da wannan ta hanyar wasiƙar da Martin Luther King ya rubuto daga kurkukun Birmingham a 1963. Mu ma muna da abin koyarwa a ƙofar gida, wato tsarin shari'armu, inda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yari jiran shari'a suke yi.

Malami ya fara da kalma. A 2019 doka ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali. Me sabon sunan yake so mu ji? Wanda kotu ba ta kama da laifi ba, halin me ake gyara masa a Kurmawa? Sai a koma kan ɗan ƙaramin "an" ɗin nan da ya cika labaranmu: an kama, an tsare, ana ci gaba da bincike. Wa ya kama? Wa ke binciken, kuma yaushe zai gama? Yaron da ya gane cewa "an" mayafi ne da ake lulluɓe mai aikin da shi, ya koyi nahawu da 'yancinsa a darasi guda.

Ga kuma shari'ar yaran da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja a farkon Nuwamban 2024, bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan zanga-zangar watan Agusta. Wasunsu sun yanke jiki sun faɗi. Rundunar 'yan sanda ta ce shiri ne, masu kare haƙƙin ɗan'adam suka ce yunwa ce, daga baya Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. A ajiye wa 'yan aji bayanan ɓangarorin biyu su auna: wa ya kawo hujja, wa ya dogara da kakinsa, wa ya nemi hawayenmu kawai? Yawancin yaran daga Kano da Kaduna suke, sa'o'in masu karatun ne.

Za a ce wannan shigar da siyasa aji ne, kuma malamin da ke fama da yara tamanin ba ya neman rigima da shugaban makaranta. Tsoron yana kan hanya. Sai dai yaran nan suna shan siyasa kullum a TikTok da WhatsApp, ba mai tace musu. Aikin malami ba faɗa musu wa ke da gaskiya ba ne. Ya tilasta wa mai goyon bayan 'yan sanda ya rubuta hujjar iyayen wanda ke tsare, mai tausayin fursuna kuma ya rubuta ta matar da aka yi wa ƙwacen waya da wuƙa.

Kuma rubutun ya samu mai karɓa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisanta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata. 'Yan SS2 su rubuta wa Babban Jojin jiharsu wasiƙar shafi ɗaya a kan waɗannan sassa biyu, a zaɓi uku mafiya ƙarfin hujja, shugaban makaranta ya sa hannu a kai su ofishinsa.