A Tashi, Amma a Tafi Ina?

Da tsakar daren wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya afka wa Maiduguri da Jere. Kafin gari ya waye ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Katangar gidan yari ta rushe, fursunoni 281 suka tsere. Kadoji da macizai suka fito daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Fiye da mutum 400,000 suka bar muhallinsu.

Ba a ɓoye ruwan ya zo ba. Kwanaki kafin nan ya fara taɓa unguwannin bakin kogi, kuma dattawan garin ba su manta da ambaliyar 1994 ba, wadda ita ma daga Alau ta fito. To me ya sa dare ya riski dubban mutane a kan katifunsu?

Amsar da ta fi sauƙi a bakin jami'i ita ce jama'a na da taurin kai. Ban yarda ba. Magidancin da ke da tsohuwa wadda ba ta iya takawa, ga mata tana jego, ga awaki da buhunan gero, idan rediyo ta ce masa ya koma kan tudu, tambaya zai yi: wane tudun? Wa zai ɗauki tsohuwa? Wa zai tsare gidan daga ɓarayi? In babu amsa, sai ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma kada a manta da yawa daga mutanen nan rikicin Boko Haram ne ya koro su daga ƙauyukansu. Sun san zaman sansani, sun san layin abinci. Sansanin Bakassi da aka rufe a 2021 shi aka sake buɗe musu.

Hasashen yanayi na NiMet da na ambaliya na hukumar NIHSA na fitowa kowace shekara kafin damina ta kankama, amma a 2024 ya tsaya ne a kan sunan jiha da ƙaramar hukuma. Wanda ya san gidan makaho da na gurgu, da tsangayar da almajirai ke kwana a zaure, shi ne bulama ko mai unguwa, da liman, da ungozoma. Su ya kamata NEMA da hukumomin agajin jihohi su zauna da su tun watan Mayu: a sa sunan makarantar da kowace unguwa za ta nufa, a san masu Keke Napep da masu kwalekwale da za a kira, a yanka kuɗinsu tun da wuri. A Maiduguri, yayin da sojoji da matasa 'yan sa-kai ke tsamo mutane kyauta, an sami masu kwalekwale da suka tsauwala farashi. Allah ya shirye su, amma da an yi wannan zama da ba su sami ƙofa ba.

Mu ma akwai namu laifin. Wanda ya loda iyalinsa a mota ya wuce gidan gwauruwar maƙwabciyarsa bai ƙwanƙwasa ba, kada ya buɗe baki ya zagi gwamnati.

Ba Maiduguri kaɗai ba ce: Ringim da Auyo da Hadeja suna ƙasan madatsun Tiga da Challawa, kusan duk damina suna shan ruwa. A je a tambayi mai unguwa ɗaya a can ko an taɓa gaya masa inda zai kai mutanensa.