Magana Zarar Bunu Ce, Ko da a Cikin Kwamfuta

Yau ƙorafi muka kawo, a kan abin da wasunku za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba: wasannin hikaya na kwamfuta, irin waɗanda ake kallon filinsu daga sama a karkace, kamar wanda ya hau soro yana leƙen tsakar gida. Ƙorafin namu yana kan masu buga su, musamman waɗanda suka mayar da maɓalli biyu, F5 da F8, abin dogaronsu. Na farko yana adana wasan a inda aka tsaya. Na biyu yana mayar da mutum can, idan abin da ya biyo baya bai yi masa daɗi ba, sai ya zama kamar ba a taɓa yi ba. Da'awarmu ita ce, wanda ya saba da wannan ɗabi'a tamkar mai cin goro ne yana tofar da ɗacinsa, alhali ɗacin nan shi ne ƙofar zaƙin da ake ji bayan an sha ruwa.

Bari mu fara gabatar da abin ga wanda bai san shi ba. Asalinsa wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane kan zauna a da'ira, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda. Duk sa'ad da jarumi ya yunƙura zai yi abin da ake shakkar nasararsa, sai a jefa ƙwayar ƙuri'a irin ta ludo, amma mai fuska ashirin. A 1998 kamfanin BioWare na Kanada ya zuba wannan tsari cikin kwamfuta da sunan Baldur's Gate. Bayan 'yan shekaru manyan kamfanoni suka juya wa salon baya, suna ganin rubutunsa ya yi yawa, kasuwarsa ta yi kaɗan. Masoyansa ne suka tashe shi da aljihunsu: a 2012 kamfanin Obsidian ya nemi gudummawa a dandalin Kickstarter, mutum sama da dubu 70 suka tara masa kusan dala miliyan 4, aka haifi Pillars of Eternity a 2015. Daga nan ƙofa ta buɗe: Tyranny a 2016, Divinity: Original Sin II a 2017, Pathfinder: Kingmaker a 2018, har zuwa Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023 ya kuma ci lambar gwarzon wasan shekara.

Mai kallo daga nesa zai zaci yaƙi da dodanni ne jigon waɗannan wasanni. Wanda ya zauna da su ya san jigonsu hukunci ne. Ana kawo maka rigima mai fuska biyu, kowane ɓangare da hujjarsa, a ce ka yanke. A Tyranny, mugun sarki Kyros ya riga ya cinye duniya kafin labari ya fara, kai kuwa ma'aikacin shari'arsa ne. An aike ka wani kwari inda rundunoninsa biyu suke jayayya maimakon su murƙushe 'yan tawaye, da umarnin cewa idan kwana 8 suka cika ba a ci wurin ba, duk mai rai a kwarin zai halaka, har da kai. A ƙarshen wasan kuma babban alƙali Tunon zai tsayar da kai ya bi ayyukanka ɗaya bayan ɗaya. A Kingmaker ana ba ka wata uku ka kawar da shugaban 'yan fashi, sannan a ɗora maka ƙasa da majalisa, ƙararraki suna ta shigowa, lokaci kuma ba ya jiranka.

Dubi Pillars of Eternity. Farkon garin da za ka shiga, itace za ka tarar an rataye mutane a rassansa. Annoba ta sauka, ana haihuwar jarirai babu ruhi, mai garin, Raedric, ya ɗora laifin a kan talakawansa. Ɗan'uwansa Kolsc yana neman kujerar, yana roƙon ka taimake shi. In ka goyi bayan Raedric, ka bar mai rataye mutane a kan gado. In ka kashe shi, can gaba bayan sa'o'i masu yawa labari zai iso maka cewa ya tashi daga kabari, kuma idan ka yi sakaci da wannan labari, garin da ka yi zaton ka ceta shi ne zai biya kuɗin sakacinka. Marubutan sun dasa iri ne a babin farko don ya tsiro a na ƙarshe.

Misalin da ya fi fito da mas'alar fili yana cikin Baldur's Gate 3. 'Yan gudun hijira masu ƙaho da wutsiya sun fake a wani kurmi, masu kurmin kuma sun gaji da baƙunci, suna shirin rufe ƙofa su kore su zuwa hannun maƙiya. Wata yarinya daga cikin baƙin, Arabella, ta saci gunkin masu kurmin, aka kama ta, shugabarsu Kagha ta tsare ta da maciji a gefe. Kai ne za ka yi roƙo. Ƙwayar ƙuri'a ta bayyana a allo, ka jefa. In ta yi kyau, yarinya ta koma wurin iyayenta, kuma za ka sake haɗuwa da ita a gaba. In ta faɗi ƙasa, abin yana iya ƙarewa da sarar maciji, ka fita ka tarar da uwa da uba suna jiran labari a bakinka. A daidai nan ne hannun mutanenmu yake zarcewa kan F8. A jefa, a koma, a jefa, a koma, har sai ƙwaya ta gaji ta ba da abin da ake so. Yarinya ta tsira, gaskiya ne. Amma mai wasan ya tsallake abin da aka gina masa dandalin dominsa, wato tsayuwa a gaban iyayen nan da nauyin gazawa a wuyansa.

Mu da aikinmu ya zama zama a gefen dattijo a zaure, muna rubuta abin da aka yanke tsakanin maƙwabta, ko tsakanin magada, ko tsakanin mai gida da ɗan haya, mun san abin da yake ba hukunci nauyi. Dattijo yakan yi shiru mai tsawo kafin ya buɗe baki, saboda ya san abin da ya furta ya shiga littafi, ya shiga kunnuwan jama'a, ba shi da hanyar dawo da shi. Magana zarar bunu ce. Da a ce yana da maɓallin da zai mayar da zaman farko duk lokacin da wani ya ɓata rai, da babu dalilin shirun nan, da sauraron shaidu ya zama ɓata lokaci. Waɗannan wasanni sun yi ƙoƙarin ɗanɗana wa matashi irin wannan shiru ba tare da an cuci kowa ba, shi kuwa ya sa hannu ya cire shi.

Akwai ɗan'uwan wannan ciwo, wato satar amsa. Kafin mutum ya amsa wa Kagha, ya riga ya buɗe YouTube ko shafin jagora ya ga abin da kowace amsa za ta haifar, da takobin da za a samu idan an bi hagu, da zoben da za a rasa idan an bi dama. Daga nan tambayar ta tashi daga “mene ne daidai?” ta koma “me zan samu?” Alƙalin da yake auna hukunci da abin da zai shiga aljihunsa, kowa ya san sunan da ake kiransa da shi.

Mun san hujjojinsu, kuma ba za mu raina su ba. Ta farko: “Da kuɗina na saya, yadda na ga dama zan yi.” Babu mai jayayya da haƙƙinka. Wanda ya sayi littafi yana da ikon fara karanta shafin ƙarshe, mu ma muna da ikon gaya masa ya yi wa kansa asara. Ta biyu ta fi ƙarfi: “Ƙuri'a sa'a ce, me ya sa zan ɗauki alhakin abin da ban zaɓa ba?” Amsa ita ce ka zaɓi abu da yawa kafin a jefa ta. Kai ka zaɓi wanda zai yi magana a cikin tawagarka, kai ka fifita ƙarfin damtse a kan iya lafazi sa'ad da kake gina jaruminka, kai ka shiga ba shiri. Ragowar kuwa, ai haka sulhu yake ko'ina: naka tsara magana, zuciyar mai sauraro ba a hannunka take ba. Wasan ma ya tanadi sassauci a cikin dokarsa, domin yana ba da wata lada da ake tarawa har guda 4, wadda ake kashewa a sake jefa ƙwaya. Wannan rangwame ne mai iyaka da farashi. F8 ba shi da ko ɗaya.

Ta uku ita ce ta magidanta: “Wasan yana cin sa'a ɗari, sau ɗaya zan buga shi a rayuwata, ina son kyakkyawan ƙarshe.” To, ai wannan hujja tamu ce. Tunda sau ɗaya ne, ya fi dacewa labarin ya zama naka, da tabonsa da nadamarsa. Ƙarshen da aka kwafo daga jagora, dubban mutane sun riga sun gan shi iri ɗaya sak. Kuma a lura, ba mu hana adanawa ba. A garuruwan da wuta take ɗaukewa ba sallama, wanda bai yawaita F5 ba ya yi wauta. Haka nan idan wasan ya sarƙe, ko yatsa ya zame ya danna abin da ba a nufa ba, a koma, babu laifi. Wanda muke zargi shi ne mai komawa don kawai hukuncin da ya yanke da hankalinsa ya zo masa da ɗaci.

Su kansu maƙeran wasannin sun ga wannan rauni. Obsidian ya sa wani tsari a Pillars of Eternity mai ajiya ɗaya tak, wadda ake sharewa idan tawaga ta mutu. Larian ya ƙara irinsa a Baldur's Gate 3 a ƙarshen Nuwamban 2023, ya kira shi tsarin mutunci, sunan kuma ya isa wa'azi. Disco Elysium, wanda 'yan Estoniya suka jagoranci rubuta shi ya fito a 2019, ya bi wata hanyar: ya raba gwaji gida biyu, fari wanda ake iya sake gwadawa bayan an ƙara ƙwarewa, da ja wanda sau ɗaya ne, sannan ya rubuta wa faɗuwa nata labarin, wani lokaci ma ya fi na nasara armashi. Mai gudun faɗuwa a irin wannan wasa ya biya kuɗin littafi cikakke ya karanta rabi.

Ga dattawa 'yan'uwanmu da za su ce duk wannan sharholiya ce, muna da kalma biyu. Akwai abin tsoro na gaske: wasannin cike suke da gumaka da tsafi na ƙage, Baldur's Gate 3 kuma an ware shi ga 'yan shekara 18 zuwa sama saboda zubar da jini da tsiraici, don haka ba na yara ba ne, kuma wanda ya bar salla ko neman abinci dominsa ba shi da uzuri. Sai dai kada a haɗa shi da caca don an ga ƙwayar ƙuri'a, tunda babu kuɗin da ake zubawa a kan jifar. Cacar tana cikin wasannin da ake sayar wa yaro akwatin da bai san abin da ke ciki ba, wanda hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana a matsayin saɓa doka tun 2018. Kafin mu yanke wa abu hukunci, mu san nau'insa, kamar yadda muke nema daga matasan.

Shawararmu ga mai wasa gajeriya ce. Ka rufe jagora. Ka karanta abin da mutanen labarin suke faɗa maka har ƙarshe, ka yi shirunka, ka yanke. In ƙwaya ta juya maka baya, ka ɗauke hannunka daga F8, ka fita ka fuskanci iyayen yarinyar, ka ci gaba da tafiya da abin a ranka. Watarana za a zaunar da kai a tsakanin mutum biyu na gaske, ƙanne ko abokan ciniki ko mata da miji, a ce ka raba gardama, kuma ranar babu ajiyar da za ka koma. Gara ka fara koyon nauyin a inda macijin zane ne kawai. Wanda yake da ja, filin sharhi a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah Ya sa mu dace.