Girman Yagewa Ba Shi Ke Kashe Laima Ba

Laimar masu wasan dirowa daga jirgin sama tana iya yagewa tun daga goshi har wutsiya, igiya biyu ko uku su tsinke, a tsinto ta a gona a yamutse, amma bayan 'yan makonni ta koma sama lafiya lau. Wata kuma a shimfiɗa ta a kan tebur babu ko huda ɗaya, launinta na ɗaukar ido, mai gyara ya duba ya ce wannan ta gama yawo. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka an yi hukunci a baibai. Ni a ganina hukuncin daidai yake, domin abin da ke nuna ko laima za ta gyaru shi ne lafiyar yadin da ya rage, ba faɗin ramin da ido ke gani ba. Tun da kuwa ido ba ya iya auna wannan lafiyar, bai kamata mai laima ya zama shi ne alƙalin laimarsa ba. Maganar ƙarshe ta mai gyara ce wanda ke da lasisi, ko kamfanin da ya ɗinka ta, kuma idan suka ce a'a, to a'a ɗin ta zauna.

Sai an san yadda aka gina laimar kafin a gane dalili. Ta zamani ba kwano ba ce irin ta sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. Fiffike ce, wadda ta samo asali daga ƙirar da Domina Jalbert, haifaffen Kanada, ya yi wa rajista a Amurka cikin shekarun 1960. Yadi ne na nailan hawa biyu, na sama da na ƙasa, an haɗa su da bangaye a tsakani, suka zama ɗakuna 7 ko 9 masu buɗaɗɗen baki ta gaba. Iska na shiga ta cika ɗakunan, fiffiken ya miƙe ya yi ƙarfi. Mai dirowa yakan bar jirgi daga nisan mita 4,000 ko kusa da haka, yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, sannan ya buɗe laima ta tare wannan gudun cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A nan ne mafi yawan manyan yagewa ke faruwa. Amma da yake laimar falle-falle aka ɗinka ta, kowane falle ana iya farke shi a sa wani. Idan yagewar a tsakiyar yadi take, mai gyara zai yanke wurin da wuƙa mai zafi don kada bakin ya zare, ya kawo maho na irin yadin sak, ya daidaita layukan saƙarsa da na laimar, ya naɗe bakinsa ciki, ya bi da layi biyu na zaren nailan. Har yawan ɗinkin a ƙayyade yake, tsakanin 7 zuwa 11 a kowane inci, domin idan allura ta yi huji kusa da kusa ita ma tana raunana yadi. Idan kuwa yagewar ta tsallaka haɗin ɗinki, ko ta taɓa bangon da igiya ke rataye a jikinsa, maho ba lallai ya wadatar ba. Wani lokaci sai an canza fallen gaba ɗaya, sau da yawa a masana'antar da ke riƙe da ainihin zanen yankan.

Duk wannan aiki ne da aka san kansa. Matsalar tana wurin da babu rami. Hasken rana yana cin ƙarfin nailan a hankali. Rairayi na shiga tsakanin zare ya riƙa goge shi. Igiyar da ta zarce da gudu a kan yadi lokacin buɗewa tana barin ƙuna siririya da ta taurara wurin. Ruwan batir da ya ɗiga a bayan mota yana iya ruɓar da falle guda ba tare da ya canza kamanni sosai ba. Kowane tela ya san abin da ke faruwa idan aka ɗora sabon maho a kan tsohuwar riga da ta sha wanki: mahon ya tsaya daram, rigar ta sake yagewa a gefensa. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai, kafin ya kunna keke, yakan kama yadin da maƙalai biyu ya ja shi da nauyin fam 30 zuwa 40, wato kilo 14 zuwa 18, na 'yan daƙiƙoƙi, ya ga ko zai jure. Wannan gwajin ya yaɗu ne bayan wani darasi mai tsada a shekarun 1980, lokacin da aka gano cewa ragar da aka ɗinka a jikin wasu laimomin ko-ta-kwana (laima ta biyu da ake ɗauka don kar babbar ta ƙi) masu siffar kwano tana ɗauke da sinadari mai asid wanda ke cin yadin da ke manne da ita. Laimomi ne da ke naɗe cikin jaka, wasu ba a taɓa dirowa da su ba, amma sai yadin ya yage a hannu. Akwai kuma yoyon iska: yadin da ya tsufa yana barin iska ta ratsa shi, fiffiken ya rasa ƙarfin ɗagawa. Kamfanin Performance Designs da ke DeLand a jihar Florida ya sa doka cewa laimarsa ta ko-ta-kwana, da zarar an naɗe ta sau 40 ko an buɗe ta a sama sau 25, a mayar masa da ita ya auna wannan yoyon, ko da ba ta da tabo ko ɗaya.

Dokar Amurka ta gina kanta a kan wannan fahimtar. Hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta raba masu gyaran laima gida biyu. Na matakin farko sai ya naɗe aƙalla laima 20 a ƙarƙashin kulawa ya kuma ci jarrabawa, sannan a ba shi izinin naɗi da ƙananan gyare-gyare. Babban gyara, wanda kuskure a cikinsa zai iya shafar tashin laimar, na gwani ne kaɗai, wanda ya yi shekara 3 a sana'ar ya naɗe aƙalla 100 na kowane ɗaya daga cikin nau'in laima biyu. Laimar ko-ta-kwana dole a kwance ta a duba a sake naɗewa duk kwana 180, mai aikin ya sa hannu a kati, ya matsa hatimin dalma mai ɗauke da alamarsa shi kaɗai. Wannan hatimin shi ne abin da na fi girmamawa a tsarin, domin ya hana aiki zama maraya. A rundunar sojan Amurka ma ɗalibin wannan sana'a sai ya diro da laimar da ya naɗe da hannunsa. Batun bai yi mana nisa ba: a Jaji ana horar da sojojin laima, a ƙasar da rana ke da ƙarfi kuma dala ke da tsada, abubuwa biyun da ke tsufar da yadi su kuma sa a so tsawaita rayuwarsa.

Wani zai ce tun da rai ne a rataye, a daina wahalar gyara, duk laimar da ta yi babbar ɓarna a jefar a sayi sabuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta ƙara tsaro. Sabuwar laima ta wuce dala 2,000. Idan aka koya wa mutane cewa kai laima wurin dubawa daidai yake da rasa ta, za su daina kaiwa. Za su manna tef su yi shiru, ko su sayar wa sabon shiga da bai san tarihinta ba. Kuma fallen da aka canza a masana'anta, da yadi ɗaya da zane ɗaya, bai fi na asali rauni ba. Ƙungiyar masu dirowa ta Amurka, USPA, ta ƙirga mutuwar mutum 10 cikin dirowa kusan miliyan 3.65 a 2023, a wasan da laimomi masu maho da sabbin igiyoyi ke tashi kullum.

Suka ta biyu daga ɗaya gefen take, kuma ta fi haɗari saboda masu wasan ne da kansu ke yin ta: ai akwai ta ko-ta-kwana, idan gyaran bai riƙe ba sai a yar da babbar a buɗe ta biyu. Wannan lissafin ya ɗauka cewa laima mara lafiya takan nuna kanta tun a sama. Ba kullum ba. Igiyoyin da aka yi da zaren Spectra suna tsukewa saboda zafin gogayyar zobban da ke zarcewa a kansu lokacin buɗewa, tsawonsu ya bambanta da 'yan santimita, laimar ta buɗe kamar ba komai, sai an zo taka birki dab da ƙasa a ga ba ta amsawa yadda aka saba. Ɗinkin da ya jure buɗewa yana iya sakewa lokacin juyi mai ƙarfi a ƙasa da mita 300, inda ake koya wa kowa cewa yar da laima ya riga ya makara. Sanannen abu ne a wannan wasa cewa da yawa daga cikin munanan haɗurra suna faruwa ne wajen sauka, da laima a buɗe a saman kai. Wanda ya dogara da ta biyu don ya yi arahar ta farko ya mayar da kansa mai laima ɗaya.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta son rai. Kamfani yana cin riba idan ya ce laima ta mutu, mai gyara yana cin riba idan ya ce za ta gyaru, to don me za a miƙa musu hukunci? Gaskiya ne, ba waliyyai ba ne. Amma a cikin mutum ukun, mai laima ne ya fi kowa son jin amsa guda, shi ne kuma ba shi da abin awo. Maganin zargin shi ne a nemi hujja: a nuna masa inda yadin ya yage a gwajin ja, a ba shi adadin yoyon iska, a rubuta tsawon igiyoyi kusa da na takardar kamfani. Idan bai gamsu ba ya kai wa gwani na biyu, da sharaɗin ya gaya masa abin da na farko ya gani. Abin da ba shi da hurumi a kai shi ne ya yi ta zagaye har ya sami wanda zai ɗinka ba tambaya. Idan kuma awo ya tabbatar yadin ya mutu, ina goyon bayan a yanke igiyoyin a wurin, a gaban mai ita, don kada ta sake ɓulla a kasuwar kayan hannu a bayan wani ɗalibi.