Haɗa Rautar Gida Biyu Na Maƙwabta

Zuwa ga Edita,

Wasiƙata ta wannan mako amsa ce ga wani malamin makaranta da ya aiko mini tambaya daga Fagge. Shi da maƙwabcinsa, akawun wani attajiri a Kantin Kwari, kowa yana da rautarsa, suna so su haɗa su domin su riƙa ɗaukar littattafai da takardun aiki daga kwamfutar juna ba tare da ɓarnar data ba. Na ga ya fi kyau in amsa a fili, sabo da irinsu suna da yawa a Titin Ibrahim Taiwo, tun daga Fagge har gefen Sabon Gari.

To, Malam, abin yana yiwuwa, da riba kuma. Fayil ɗin da ya bi waya daga gida zuwa gida bai shiga intanet ba, watau kamfani ba shi da ko kwabo a ciki. Gigabait 1 ya kan ƙetare layi mai megabit 100 cikin daƙiƙa 80 da 'yan kai, a layi mai megabit 1,000 kuwa kamar daƙiƙa 10.

Hanya uku ce. Ta fari kebul na jan ƙarfe, wanda iyakarsa mita 100. Shi ya fi araha, amma jan ƙarfe yana ɗaukar wuta. Ga gida biyu, wannan da janareta, wancan da sola, ga wutar KEDCO tana zuwa tana ɗaukewa. In kuwa aradu ta faɗi kusa da damina, kebul ɗin da ke rataye tsakanin soraye yana iya ƙone rauta biyu a lokaci guda. Ta biyu zaren gilashi da a ke kira faiba. Haske ne ke bi ta cikinsa, ba ruwansa da wuta, sai dai a sa ɗan akwati a kowane kai mai juya haske ya koma saƙon kebul. Ita na fi so ga waɗanda katanga ɗaya ta raba. Ta uku 'yan rediyo biyu a kan soro suna fuskantar juna. Wannan ita ce ta waɗanda titi ya raba, gama ba hankali ba ne a ratsa waya a bisa hanyar da manyan motocin kaya ke bi dare da rana. Sharaɗinta su hangi juna, kada bene ko itace ya shiga tsakani.

Sa'an nan a kula da lambobi. Kowace rauta ita ke raba wa na'urorin gidanta adireshi, yawancinsu kuma su kan zo daga masana'anta da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In an cusa kebul kai tsaye, ya zama masu unguwa biyu a unguwa ɗaya, kowa yana rubuta wa gidaje lamba. Sai wayar Malam ta karɓi lamba daga rautar maƙwabci, ta yi ta shan datarsa ba wanda ya sani. Magani shi ne gida ɗaya ya riƙe jerin 192.168.1, ɗayan 192.168.2, a sa wata 'yar rauta a tsakani mai ƙafa ɗaya a kowane gida, a shaida wa manyan biyu ta nan a ke bi. Ba kowace rauta ke karɓar wannan umurni ba, sai a tambaya kafin a saya.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne amana. Wanda ya haɗa layi ya fasa ƙofa ne a katangarsa. Akawu yana riƙe da lissafin ubangidansa, Malam yana riƙe da tambayoyin jarrabawa da makin yara, kowa kuma da hotunan iyalinsa. Ko da su biyun sun yarda da juna, ai akwai 'ya'ya da baƙi da 'yan haya. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta mai da shiga kwamfutar wani ba izini laifi, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Cuta ma tana bin wannan ƙofa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kamar 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Wanda ke amfani da Windows 7, wadda Microsoft ta daina gyarawa tun Janairu 2020, kada ya haɗa ta da layin kowa.

Shawarata ke nan: a ware jaka ɗaya tak ta tarayya, sauran a rufe. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. A ba maƙwabci ikon karantawa, ban da gogewa. Abin da ba a so a rasa a ajiye kwafinsa a wani faifai dabam wanda ba ya kan layi. Kafin a huda bango kuma a nemi yardar mai gida in haya a ke, a rubuta 'yar takarda: wa ya sayi me, wa zai biya gyara, wa zai ɗauki kaya ran da ɗaya ya tashi. Kada kunya ta hana, gama rigakafi ya fi magani, kuma kebul na 'yan dubbai bai kai a ɓata maƙwabtaka a kansa ba.

Mai wata tambaya ya aiko ta hannun Edita. Wassalam.

Naka,
Akawu, Fagge, Kano.