Kwalbar da ta Shekara Ashirin Tana Jiran Dare Ɗaya

A daren 24 ga Disamba, a gidaje da yawa na Faransa, maigida kan sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya ɗauko kwalbar giyar inabi da ƙura ta lulluɓe. Mai yiwuwa ya saye ta ne a shekarar da aka haifi ɗansa na fari, ga shi yau ɗan ya zama magidanci. Da ita za a ci abincin jajibirin Kirsimeti: kawa, da hantar agwagwa, da talotalo.

Mu akasarinmu addini ya raba mu da giya, kuma ba talla muka zo yi mata ba. Su kansu Faransawan sun san ɓarnarta, shi ya sa suka taƙaita tallarta da doka a 1991. Amma wanda ya yi karatu a Bordo, ko ya zauna da su a Yamai, ya ga wannan al'ada, kuma muna ganin akwai darasi a cikinta.

Jar giyar Bordo, idan sabuwa ce, bauri gare ta kamar ɗanyen goro. Sai a zuba ta a gangar katako mai cin lita 225, ta yi shekara ɗaya zuwa biyu, sannan a ɗura a kwalba. Kwalbar kuma kwantar da ita ake yi, don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga, a ajiye ta cikin duhu da sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba. A hankali baurin ke kwantawa. Ba kowace ce ke jure wannan ba. Yawanci lalacewa suke yi. Sai mai asali.

Asalin nan kuwa a rubuce yake. A 1855, bisa umarnin Napoleon na Uku, aka jera gonakin Bordo daraja-daraja. A 1935 aka kafa dokar da ta hana a laƙaba wa giya sunan yankin da ba a can aka noma inabinta ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya zaman cin abincin Faransawa cikin gadon al'adun duniya. Saboda haka idan maigida ya buɗe kwalba, ya san gonar, ya san shekarar, ya san irin yanayin da aka yi. 'Ya'yansa na ji, suna haddacewa.

To, mu fa? A bukukuwanmu an fara fasa kwalaben lemo mai kumfa da aka yi wa siffar shamfen, ana tafi. Mun ari kwalbar, mun bar haƙurin da sanin asalin. Ranar Sallah, yara nawa ne za su iya faɗin garin da daddawar miyarsu ta fito, ko hannun da ya shanya kilishin? Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, amma a gidajenmu albasa ce kawai.

Ba giya muka rasa ba. Abin da ke kuɓuce mana shi ne abincin biki da aka daɗe ana tanadi, mai suna, mai labari. Kakanninmu kan ajiye man shanu da soyayyen naman layya watanni, sai babban baƙo ya zo a buɗe tukunya. In mun bar wannan ya bi su kabari, kada mu zargi Faransa.